Shin Duk Yawon Mace Yawon Banza Ne?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in amayar da ita a nan, wadda ta ga kuskure ta gyara mini.

Akwai kalmomin da idan an faɗa wa namiji ba komai ba ne, amma idan aka jingina su ga mace sai su zama zagi. Ɗaya daga ciki ita ce yawo. A ce Malam ya fita yawo, kowa ya san ya je shan iska ne, ko ya leƙa majalisa. Amma a ce "wance yawo ne da ita", to wannan kaɗai ya isa ya hana yarinya miji, ya kuma isa ya girgiza auren shekara goma. Muna da yawon gantali, muna da yawon ta zubar, muna da ƙafar yawo, kuma duk cikinsu babu na yabo. A kan haka na taso, a kan haka nake tarbiyyar 'ya'yana, kuma ban zo in rushe shi ba. Tambaya ɗaya kawai nake da ita: macen da ta fita da izinin mijinta, da suturarta, ba biki za ta ba, ba asibiti ba, ba gaisuwar mutuwa ba, sai don kawai ta taka garin iyayenta da ƙafa ta gan shi da idonta, ita ma yawon banza ta yi?

Abin da ya jawo wannan tambaya 'yata ce ta fari. Mu a Kakuri muke zaune, a kudancin kogin Kaduna, kuma duk wanda ya san Kakuri ya san makarantar 'yan mata ta Queen Amina. Wata rana muna wucewa ta bakin ƙofar makarantar a keke napep, yarinyar ta ce mini, "Umma, wai wace ce wannan Amina ɗin?" Na gyara zama na fara zuba, sarauniyar Zazzau ce, 'yar Bakwa Turunku, ta yi yaƙe-yaƙe, duk inda ta yada zango sai an kewaye shi da ganuwa, shi ya sa har yau tsofaffi ke cewa ganuwar Amina, kuma sunan ƙanwarta Zariya aka sa wa garin. Na ƙara mata da cewa ai mu ma jinin Zazzau ne, tunda mahaifiyata a cikin birni aka haife ta. Yarinya ta yi shiru, can ta ce, "To Umma ya ganuwar take? Ta kai gidanmu tsawo?"

Wallahi sai na rasa bakin magana. Ni da na je Zariya ya fi a ƙirga, tun ina goye a baya, ban iya ce mata ga yadda ganuwar take ba. Kullum tafiyarmu iri ɗaya ce, daga tasha zuwa mota, daga mota zuwa zauren gidan Goggo, daga zaure zuwa tsakar gida, a ci tuwo, a yi barka ko a yi ta'aziyya, la'asar na yi a juyo. Na sha wuce ganuwar nan, amma ta gilashin mota, ina rungume da jaka da yaro, hankalina yana kan ko an manta da ledar tsaraba. Na ce mata ta kai mana, har ta fi. Na faɗa ne kawai don in rufe bakinta, kuma daren nan ban ji daɗin kaina ba.

Da na kai wa maigidan maganar, dariya ya fara yi. "Wato yawo za ki je ki yi a birnin Zariya? Me aka ajiye miki a can?" Na ce ba a ajiye mini komai ba, so nake in gani. Ya ce hoto ya ƙare a waya ne? Na ce gani ya kori ji, shi kuwa hoto ɗan uwan ji ne. Allah ya saka masa da alheri, bai ja da nisa ba, sharaɗinsa biyu ne, a sami namiji daga gidan Goggo ya raka mu, kuma kada magariba ta yi mana a hanya. A hutun ƙarshen shekarar 2022, wata Asabar da hazo ya sauka, ni da yarinyar muka kama hanya.

A Ƙofar Doka muka sauka, wadda ke fuskantar Tudun Wada, jikan Goggo yana jiran mu. Ya nemi ya tare mana abin hawa na ce a'a, yau ƙafa za ta yi aiki. Ya dube ni kamar wadda ta zo da sabon ciwo. Na ce ya fara kai mu inda za mu taɓa ganuwa da hannu. Sai da muka ɗan yi tafiya a gefe kafin mu sami inda ta rage da saura. 'Yar uwa, abin da na gani ba abin da na zana a raina ba ne. Wani dogon tudu ne na jar ƙasa, ruwan sama ya zaizaye shi, awaki suna hawa suna sauka, wani wurin an yanke an yi hanya, wani wurin gida ya hau kansa ya zauna daram, wani wurin kuma bola ce. Amma duk da haka kaurinta kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shiru. Na tsaya ina lissafi irin namu na mata: ganuwar da ta kewaye birni, tsawonta ya haura kilomita 10, babu tifa, babu katafila, to kwando nawa na ƙasa aka ɗauka a ka? Tulu nawa na ruwa aka kwaɓa ta da shi? Kuma wa ya dafa wa waɗannan mutane abinci? Littafin makaranta sunan sarki yake kawowa, amma ni da na dafa wa magina biyar abinci lokacin da muke ɗaga katangar gidanmu, na san cewa bayan kowane taku na ganuwar nan akwai wata mace da ta yi surfe ta yi daka har hannunta ya yi kanta.

Yarinyar ta hau ta sauko, ta ce, "Umma ai ba ta kai gidanmu ba." Na ce a nan ba ta kai ba, jiya ma ban sani ba ne na faɗa miki.

Daga nan muka miƙe zuwa cikin gari. Muka wuce makarantar Alhudahuda, wadda asalinta ke komawa 1910, muka bi ta Babban Dodo har zuwa fada. Jikan Goggo yana tafe yana lissafo mana ƙofofi, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai, Ƙofar Jatau, Ƙofar Tukur-Tukur, Ƙofar Galadima. Da ya ambaci Ƙofar Gayan na tuna a can ne asibitin da aka sa wa sunan Hajiya Gambo Sawaba yake, matar da ta sha ɗauri saboda siyasa, ta rasu a 2001. Na ce a raina, ikon Allah, gari ne da sunansa na mace, ganuwarsa ana jingina ta ga mace, asibitinsa sunan mace.

Ƙofar fada kam ta sha ado, zane-zane masu launi kala-kala, dogarai da jajayen kaya, wasu dattawa zaune a inuwa. A nan ne yaron ya ba mu labarin yadda Malam Musa ya karɓi garin a zamanin jihadi, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, daga baya ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja. Ya ce gidajen sarauta huɗu ne, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma marigayi Sarki Shehu Idris ya yi shekara 45 a kan gado, daga 1975 zuwa 2020. Ni dai kunnena yana ji, amma idona yana kan masallacin Juma'a da ke daura da fada. Daga waje ginin zamani ne, domin a shekarun 1970 an lulluɓe tsohon da sabo. Amma a ciki akwai aikin ƙasa na Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Ginshiƙai ne na ƙasa da bakuna da aka lanƙwasa da azara suka ɗauki rufi, babu rodi babu siminti. Har yau akwai unguwa mai suna Babban Gwani a cikin birni. Ana ma ba da labarin wai bayan ya gina wani masallacin a Birnin Gwari sarkin can ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi nasa. Ban shiga ba, daga bakin titi na tsaya, na ce wata rana in Allah ya yarda zan nemi a leƙa da ni.

Abin da ya fi shiga raina ba fada ba ce, lunguna ne. Da muka bar titi muka kutsa ciki, sai ƙarar gari ta ɗauke ɗif. Lungu yana lanƙwasa yana sake lanƙwasa, wani wurin idan kin miƙa hannu biyu za ki taɓa katanga dama da hagu. Tsofaffin zaure masu zankwaye a sama, indararo ya leƙo, wani an yi masa yaɓen makuba har yana sheƙi, wani ya tsage tun daga rawani har ƙasa. Idan kika tsaya a bakin zauren ƙasa sai ki ji wani ƙamshi da ba ya cikin gidan bulo. Ga almajirai da allunansu, ga masu ɗinkin hannu sun baje babbar riga a cinya suna fitar da aska, ga wata tsohuwa da faifan daddawa, ga dogayen rimaye da aka san Zazzau da su, waɗanda suka rage. Kuma duk wanda kika wuce sai an gaisa. A mota ba ki gaida kowa, ba wanda ya san kin wuce. A ƙafa kuwa sai da wani dattijo ya tambaye ni 'yar gidan wa ce, da na faɗi sunan kakana ya ce, "Af, ashe ke tamu ce," ya nuna mini wani kango ya ce nan ne makarantar allon da mahaifiyata ta yi. Shekara tara ke nan da rasuwarta, ban taɓa sanin wurin ba. Na tsaya na yi mata addu'a, yarinyar tana kallona tana mamakin me ya sa Umma kuka a gaban kango.

Azahar ta gota muka isa gidan Goggo, ƙafafunmu fari fat da ƙura. Na zauna ina ba ta labari da ɗoki, ina lissafo ƙofofi kamar ni na gina su. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni kin gan ni nan, na haura saba'in, a garin nan aka yanke mini cibiya, amma ban taɓa ganin Ƙofar Kuyambana ba. An dai ce tana can." Ba da baƙin ciki ta faɗa ba, har da ɗan alfahari. An kawo ta gidan tana 'yar shekara sha huɗu, fitarta da dare ce, da fitila da rakiya, daga wannan zaure zuwa wancan.

To a nan ne maganar take. Ba zan ce Goggo ta yi asarar rayuwa ba, Allah ya kiyaye bakina. Ta riƙe gida, ta tarbiyyantar da 'ya'ya da jikoki, ta san asalin kowane gida a unguwar da wanda ya auri wa tun kaka da kakanni, ilimin da ni ba ni da shi. Kuma masu cewa mace ta zauna a ɗakinta ba mahaukata ba ne. Titi ba shi da kunya. Akwai 'yan iska, akwai masu ƙwacen waya, akwai bakin mutane wanda ya fi duka ciwo. Mun kuma ga waɗanda suka fara da "bari in leƙa nan" suka ƙare ba a ganin su a gida sai dare, yara na gararamba, tukunya ta yi sanyi. Duk na yarda. Wadda ta ce mini ita ba ta da sha'awar fita, ban ce ta yi laifi ba.

Amma ina ganin mun haɗa abu biyu mun ba su suna ɗaya. Akwai mai fita don a gan ta, akwai mai fita don ta gani. Ta farko ta ci kwalliya, idonta yana kan wa ke kallonta, ko ta shekara tana zagaya birni ba za ta iya gaya miki launin ƙofar fada ba. Ta biyu kuwa ta manta da kanta ma, tana kallon katanga tana tambaya. Da na dawo daga tawa fitar, ban dawo da raina gidana ba, na dawo ne da abin da zan gaya wa yarana da dare maimakon su kwana a kan fim ɗin Indiya. Mu ne fa muke tare da yaro tun daga goyo har ya yi wayo. Uba ya fita tun safe. Idan uwa ba ta san garinsu ba sai ta gilashin mota, me za ta ba shi? Sai ta yi irin tawa, ta ƙirƙiro amsa don ta rufe masa baki. Yaron da ya taso a haka, ranar da ya yi kuɗi ya ga ganuwa ta tare masa fili, me zai hana shi sa katafila? Ba mugunta ba ce, ba wanda ya taɓa riƙe hannunsa ya ɗora a kan ƙasar ya ce masa kakanninka ne suka ɗauko ta a ka.

Kada in cika ku da daɗin baki, domin Goggo ba ta bar ni na tashi da nasara ba. Da na fara yabon ɗakinta, ina cewa don Allah kada a bari a rushe shi, wannan daurin guga na rufin ba a samun mai yin irinsa yanzu, sai ta kalle ni sheƙeƙe. Ta ce, "Ke da kike kwana a ƙarƙashin kwano da silin? Zo ki kwana nan a watan Agusta, ki ji yadda ake raba dare ana tara kwanoni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ta ce kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina, magina na ƙasa sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage tsada gare su, azara kuma sai an yi da gaske ake samu domin giginya ta ja baya. Ta ce in Allah ya hore wa 'ya'yanta, bulo take so, ta mutu a ɗakin da ba ya zuba.

Na yi shiru, domin gaskiya ta faɗa. Akwai wani irin son kai a wurin mai yawon kallo. Ya zo na yini ɗaya, yana so ya tarar da komai yadda kakarsa ta bari, ya ji daɗi, ya koma gidansa mai fanka, ya bar masu wurin da gara da yoyo. Wata takwas bayan zuwan namu abin ya ƙara tabbata a hanya mafi ciwo. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na wancan masallaci na Babban Gwani ya rufto a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu ya sa sun huta. Masallacin da na ce wata rana zan leƙa ke nan. Daga baya aka shiga tara kuɗin sake gina shi. Tun daga ranar na daina yi wa kowa wa'azin kada ya taɓa tsohon gini, domin babu ginin da ya kai ran mutum ɗaya.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Na taɓa kallon wani shiri a talabijin a kan wani tsohon gari a kudancin Faransa mai suna Karkason. Shi ma ganuwa gare shi, har ninki biyu, ta dutse, da hasumiya 52, ga gidan sarauta a ciki da 'yan siraran lunguna irin namu. Wajen 1850 ya lalace har hukuma ta yi niyyar a rushe, wasu mutane suka tashi suka ce ba su yarda ba, aka ɗauko wani gwanin gini mai suna Viollet-le-Duc ya fara gyara a 1853. A 1997 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, mutane suna tururuwa daga ko'ina, ba don komai ba sai don su taka lungunan da ƙafa, mata da maza da tsofaffi. Har na fara cewa kai, Turawa sun iya. Sai mai bayanin ya ce a lokacin gyaran akwai talakawan da suka yi gidaje a tsakanin ganuwar biyu, duk aka tashe su aka rushe gidajen don wuri ya yi kyau. Na ce to, ashe su ma sun yi nasu Goggon, sai dai ba a tambaye ta ba.

Don haka ni ban ce a hana kowa bulo ba. Abin da nake cewa ƙarami ne. Kafin a rushe, a sani. A kai yara su gani, a ɗauki hoto, a tambayi tsohuwa wa ya gina, a wace shekara, wa aka haifa a ciki. Idan gida yana da ɗaki goma, a duba ko zaure ɗaya zai iya tsayawa, dangi su haɗa kuɗin yaɓensa kamar yadda muke haɗa kuɗin anko, wanda wallahi ya fi kuɗin yaɓe. Mu da ke nesa muke son a bar mana, to mu sa hannu a aljihu. Na gaya wa Goggo haka, ta ce ta ji, za ta ga alkawarin 'yan Kaduna.

Wani abin da ban zata ba shi ne abin da tafiyar ta yi wa idona bayan na dawo gida. Da can ina ganin Kaduna ba ta da wani tarihi, garin Bature ne, ba ganuwa ba ƙofa, kowa baƙo. Gaskiya ne a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, kuma jirgin ƙasa ne ya raini garin. Amma da na fara taka Kakuri da Makera da irin idon da na taka Zariya, sai na ga ashe mu ma muna da kangayenmu. Ga tsohuwar tashar jirgi ta Kaduna Junction da gidajen ma'aikatan reluwe. Ga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002. Ga UNTL da sauran 'yan uwanta. Ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975. Mu da muka taso a nan mun san lokacin da jiniya ke kaɗawa, titi ya cika maƙil da kekuna da masu tafiya a ƙasa, Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo da Bayarabe da Idoma, masu tuwo da masu ƙosai suna ciniki har tsakar dare saboda masu aikin dare. Da kuɗin masaƙa aka yi mini kayan makaranta. Yarana ba su san wannan ba, su dogayen katangu kawai suke gani da ciyawa ta fito a kai, kamar yadda na riƙa ganin ganuwar Zazzau.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, mutane da yawa sun kwashe kayansu, Musulmi suka yi arewacin kogi, Kirista suka yo kudu. Garin da ba a gina masa ganuwa ba sai kogi ya zame masa ita. Mu da muka rage a wannan ɓangare mun san yadda 'yan uwa ke tambayarmu, "Har yanzu kuna can? Ba kwa tsoro?" Akwai yarinyar da aka haifa a Rigasa ko Kawo da ba ta taɓa taka Kakuri ba, akwai wadda aka haifa a Sabon Tasha ko Narayi da ba ta taɓa taka Unguwar Sarki ba, kowace an ce mata can ba wurin zuwa ba ne. Ita ma "an dai ce tana can" ce, irin ta Goggo, sai dai wannan da tsoro a ciki. Ban ce a ɗauki yara a kutsa ko'ina ido rufe ba, kowa ya san lokacin da gari ke lafiya da lokacin da ba ya lafiya. Amma unguwar da ba ki taɓa takawa ba, duk abin da aka gaya miki a kanta sai ki yarda.

Maƙwabciyata, wadda muke kira Maman Yara, Kirista ce 'yar kudancin jihar nan, ta girme ni nesa, kuma ta yi shekaru tana aiki a ɓangaren zare a ɗaya daga cikin masaƙun. Da na ba ta labarin Zariya da abin da ya biyo baya, ta ce in ina so ranar Asabar ta zagaya da mu, ta nuna wa yara ƙofar da suke shiga, da inda mai shayi yake zama, da bishiyar da suke jiran albashi a ƙarƙashinta. Na sake zuwa wurin maigida neman izini. Ya ce, "Yanzu kuma yawon na cikin unguwa ne?" Na ce eh. Ya yi shiru, can ya ce a jira shi ya dawo daga kasuwa, shi ma babansa a nan ya yi aiki, kuma bai taɓa nuna wa yaran wurin ba.

Kuɗin yaɓen zauren Goggo kuwa, mu bakwai muka yi alkawari, zuwa yanzu mu uku muka bayar, ga damina tana matsowa.